Sifanar Injiniya Mai Cewa Ƙas

Sunan maigidana Illo. Na faɗe shi da bakina sau ɗaya don a san da wa ake, Allah ya sa kada Innata ta ji na kama sunan miji. Daga nan zan riƙa kiransa da sunan da ya raɗa wa kansa, wato Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba. Wata biyu ya taɓa yi yana gadin ƙofar wani kamfanin gyaran hanya, yana kallon manyan motoci suna shiga suna fita. Da aikin ya ƙare ya dawo unguwarmu Gidan Dare da hular kwano ruwan ɗorawa da sabon suna. Sana'arsa ta gaskiya cajin waya ce a bakin titi, kuma ko ita wani lokaci wayar mutum takan shiga da rabin caji ta fito babu ko ɗigo.

Ni Bara'atu, 'yar fadama ce. Babana shinkafar rani yake nomawa, da ɗan jan injin ban ruwa guda ɗaya da yake lallaɓawa kamar jariri. Ranar wata Laraba da hantsi ya kira ni a waya.

"Bara'atu, na aiko injin ban ruwa ga motar kasuwa. Shina zubar da mai ga kai, ba shi da ƙarhi. A kai ma maƙwabcinku Markus. Shinkahwa ta ɗau ciki, kwana ukku ɗai taka iya haƙuri da ƙishirwa. Ran Juma'a ina tahowa in ɗauka."

Wanda bai tashi a fadama ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Shinkafar da ta ɗauki ciki, in ta rasa ruwa, za ta fito da zangarniya kyakkyawa, amma in ka murza a hannu babu ƙwaya, sai ƙaiƙayi. Abincin gidanmu na shekara ke nan, da na ƙannena shida.

Markus, wanda nake kira Baban Precious, bakaniken ƙananan injuna ne, katanga ɗaya ta raba mu. Da direba ya zo bai same shi ba, sai ya sauke injin a zaurenmu cikin buhu. A nan Injiniya ya yi tuntuɓe da shi da ya dawo cin abincin rana.

"Wanga hwa?"

"Na Baba na. Yac ce a kai ma Baban Precious."

"A kai ma wa?" Ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji kamar wanda aka yi wa rasuwa. "Ga Injiniya cikin gida, a ɗauki injin surukina a kai ma mai gyaran janareto? Mi duniya za ta ce?"

Na ce a hankali, "Baba dai yac ce..."

"Baba bai san wa yab bai ɗiyatai ba. Ke kin san sirrin Markus? Sifana guda ta. Wata sifana mai awo, in kana ɗaure noti, in ya kai ƙa'ida sai ta ce ƙas. Da kunnena ni ji shi shina hwaɗi: in ta ce ƙas, noti ya ɗauru. Dut ilimin nai ke nan. Ni ko yau zan sawo wadda ta hi tashi."

Ya kuma yanke hukunci ba zai taɓa injin ba sai ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, lokacin da majalisar ƙofar gida take cika, kuma Baba yana zaune yana gani. Ya ce aikin injiniya ba a yin sa a ɓoye kamar satar kaza.

Siddiƙu ɗan kabu-kabu ne ya kai shi kasuwa a kan babur, kuma daga bakinsa na ji yadda aka yi, don da suka dawo a ƙofar zaure ya tsaya yana ba mutane labari. Mai shagon ya fito da sifana uku ya jera. Ƙarama kamar muciya, ta babur da ƙananan injuna. Matsakaiciya, ta tayar mota. Sai babba, wadda ta kusa kai wa mutum ƙugu, ta tirela da motar tonon ƙasa. Ya tambayi Injiniya me zai ɗaure.

"Ƙarhe," in ji Injiniya.

"Wane iri? In ɗan inji ne, ga ƙaramar nan."

"Ka dube ni da kyau. Na yi ma kama da mai riƙon ƙarama?"

Bakin babbar ya fi ƙarfin ƙaramin noti, sai da aka haɗa mata baki kan baki har uku kafin ta kama. Mai shagon ya miƙo takardar da ke cikin kwalin ya ce a karanta. Injiniya ya ce takarda ta 'yan koyo ce. A cikinta ya ƙunso mini ƙosai a hanya, shi ne alherin da na samu a wannan tafiya. Haka suka shigo unguwa, Siddiƙu na tuƙi, Injiniya a baya ya saɓa sifana a kafaɗa kamar mafarauci, har sai da ta kwashe hular wani dattijo a kwana.

A jikin mariƙin sifanar akwai lambobi, ana murzawa a tsayar inda ake so. Injiniya ya duba ya ce tun da shi ya saya da duk lambobinta, bai ga dalilin da zai yi aiki da rabi ba. Ya murza har ƙarshe.

Alhamis da safe ya ce zai ɗan gwada hannu, kuma da gadona ya fara, gadon ƙarfen da Inna ta yi mini na aure. Noti huɗu ne ke riƙe da shi, shekara biyu ba su taɓa yi wa kowa laifi ba. Ya ɗora sifana a na farko, ya ja, ya ja, jijiyar wuyansa ta tashi, sai muka ji ƙas.

"Kin jiya? Kimiyya ke nan."

Ya sake ja, sifanar ta juya sakayau ba wani nauyi.

"Kin gani? Ita da kanta ta saki. Ba ta barin a wuce ƙa'ida."

Ya bi sauran ukun, kowanne ya ce ƙas. Ya ce yanzu ko giwa ta hau gadon ba abin da zai same shi, kuma don ya nuna mini sai ya ja da baya ya faɗa a kai gaba ɗaya. Ƙafafun gadon huɗu kowacce ta kama gabanta. Katifa ta naɗe shi kamar tabarma, ƙafarsa ɗaya kawai nake gani tana motsi. Na toshe baki da gefen zane na fita tsakar gida, wai zan duba tukunya.

Maman Precious, wato Naomi matar Markus, ta leƙo ta kan katanga. "Amarya, lafiya? Na ji kamar gini ya faɗi."

Daga cikin ɗaki Injiniya ya amsa mata. "Gadon na na jabu. Sifana ta tona asirin shi."

Da na zo shara na tsinci kawunan noti huɗu, kowanne da guntun jikinsa, bakin ya karye fari fat kamar an karya rake. Na ƙulle su a bakin zanena. Ban san me zan yi da su ba, amma jikina ya ba ni kada in zubar.

Kafin hantsi ya ɗaga ya fita ƙofar gida da sifana. Ƙofar zaurenmu tana da wata 'yar tsaga, daidai idon mutum in ya ɗan sunkuya. Ba leƙe nake yi ba, tsintsiya ce take yawan kai ni wurin.

Siddiƙu ne ya fara faɗawa. Ya ce salansar babur ɗinsa tana ɗan kaɗawa.

"Kawo nan, kyauta zan yi ma, don ka shaida."

"Injiniya, wagga sifana ba ta yi ma babur girma ba?"

"Likita in zai yi ma allura, kai ka zaɓa mai sirinji?"

Ƙas, ƙas. Siddiƙu ya girgiza salansa ya ji ta tsaya, don tsatsa tana riƙe da ita. Ya yi godiya, ya ɗauki wata mata mai kwandon tumatir, suka tafi. Ba su kai kwanar masallaci ba salansa ta sauka ta zauna a tsakiyar hanya, babur ya saki wata ƙara da ta tashi duk tantabarun unguwa. Matar ta diro ba tare da an tsaya ba, tana salati, tumatir na bin ta a baya.

Kafin labarin ya dawo, Salisu mai kankana ya riga ya turo baronsa. Shi ba abin da ya dami baronsa, gaisuwa kawai ya tsaya yi. Injiniya ya durƙusa ya duba tayar ya girgiza kai.

"Salisu, kana tahiya bisa ajali ba ka sani ba."

"Shekara biyar nika tura shi hakanan."

"Allah na ka tsare ka. Riƙe mani nan."

Ƙas. Salisu ya ɗaga baro ya yi taku bakwai, na ƙirga. A na takwas tayar ta fice ta yi gaba ita kaɗai, kamar ta gaji da jiransa. Baro ya dunguri ƙasa, kankana ta bazu. Wasu suka fashe, wasu suka gangara kwata, awakin unguwa suka zo ta'aziyya. Daidai nan Siddiƙu ya dawo yana tura babur, salansa a hammata naɗe da tsumma.

"Injiniya, ga shaidar da kac ce in yi."

"Tsohon ƙarhe na," in ji Injiniya, ko gezau. "Ku gode ma Allah da sifana ta gano shi nan kusa da gida. In da bisa babban titi na hwa?"

"To kankanata ita ma tsohon ƙarhe ta?" in ji Salisu.

"Ku taho gobe bayan Juma'a ku ga aiki bisa injin ƙwarai. Wanga dut share hage na."

Ya saɓa sifana ya tafi shagon caji. Ni kuwa da na ji ya ce injin ƙwarai, sai na juya na dubi buhun Baba a kusurwar zaure. Na jira hanya ta yi shiru, na ja mayafi na fita na tsinto kawunan noti uku a ƙasa. Duk irin karyewar na gado.

Ban taɓa kai ƙarar mijina wurin kowa ba, kuma ranar ma ban kai ba. Na dai hau turmi na miƙa wa Maman Precious ƙullin ta kan katanga, na ce ko Baban Precious zai san abin da ke damun waɗannan. Ta kira shi. Ya zo yana goge hannu, ya juya su a tafinsa, ya tambaye ni girman sifanar. Na nuna ƙuguna. 

"Amarya, kowane noti da iya ɗaurin da yake ɗauka," ya ce. "Ba ƙarfi ake nema ba, daidai ake nema. Na kan injin Babanki lamba ashirin da huɗu suke so a jikin sifana. Sifanar maigidanki ko an mayar da ita ƙasa gaba ɗaya, daga ɗari take farawa. To kin ga ba za ta taɓa yin ƙara a kan ƙaramin noti ba."

"Amma tana cewa ƙas. Na ji da kunnena."

"Ba ita ke cewa ba. Notin ne ke karyewa."

Na tambaye shi in haka ta faru da injin Baba fa. Ya ce in noti ya karye a cikin jikin inji, sai an kai wurin masu huda ƙarfe an tono guntun, wani lokaci kwana huɗu, wani lokaci jikin injin ya tafi ke nan. Na tuna zangarniya mara ƙwaya. Ban san hawaye ya zubo ba sai da Maman Precious ta ce, "Kai, Baban Precious, dubi yarinyar nan."

"Ni ba na shiga tsakanin miji da mata," in ji shi.

"Wa ya ce ka shiga? Tsohon ya ce a kawo maka inji, ko bai ce ba?"

"Ya ce."

"To ka je ka sayo gaskit. Abin da ba ka gani ba ba ruwanka da shi."

A bayan ɗakin girkinsu akwai wani mataccen injin ban ruwa, ja, irin na Baba sak. An daɗe da kwashe kayan cikinsa an gyara wasu da su, kazar Maman Precious ce take ƙwai a ƙarƙashinsa. Muka kore ta, muka goge shi da tsumma, muka ɗaga shi ta kan katanga, ita tana turowa ni ina kan turmi ina karɓa. Na Baba ya bi ta hanyar ya tsallaka. Na sa mataccen a buhu na ɗaure bakin yadda na same shi. Na tabbata Injiniya da ya kwance buhu zai gane. Ko makaho ya shafa zai ji ba su yi nauyi ɗaya ba.

Da la'asar na sake hawa turmi, wai ina shanya. Baban Precious ya buɗe kan injin Baba, ya canza gaskit, wato wata takarda mai kauri da ke hana mai da iska fita tsakanin kan inji da jikinsa. Ya fara ɗaura notin da yatsu. Sannan ya ɗauko 'yar sifanarsa, ya murza mariƙin ya tsayar a lamba, ya kama can ƙarshen hannun ya ja a hankali kamar mai jan guga cike da ruwa. Bai bi su a jere ba, in ya taɓa wannan sai ya tsallaka na kusurwar da ke fuskantarsa, zagaye biyu. A zagaye na ƙarshe kowanne ya yi wata 'yar ƙara, ƙis, ko ƙyankyasar ƙwai ta fi ta ƙarfi. Yana ji ya ɗauke hannu. Da ya gama ya mayar da lambar ƙasa, ya goge sifanar ya sa a akwatinta. Tun daga farko har ƙarshe bai yi gumi ba.

Ranar Juma'a Injiniya ya sa farar shaddarsa ta ɗaurin aure, ya ɗora hular kwano. Ana saukowa masallaci ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, ya sa aka fito da buhu. Majalisa ta cika fiye da kullum, don labarin salansa da kankana ya kai har unguwar Gawon Nama. Siddiƙu da Salisu suka zauna a sahun gaba kamar masu jiran hukunci. Baban Precious ya jingina da katangarsa can gefe. Ni ina wurin tsintsiya.

Ya kwance buhu.  Ya zagaya injin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya kasa kunne.

"Na san injin ga kamar tahin hannuna," ya ce.

Sai ga kazar Maman Precious ta diro daga kan katanga, ta ratsa tsakiyar mutane, ta shige ƙarƙashin injin ta kwanta. Ya kore ta, ta zagayo ta dawo. Ya sake kora, ta sake dawowa.

"Ko dabba ta san inda albarka take," in ji Injiniya.

Ya kwance kan injin da sifanar, abin da Baban Precious ya ce ba a yi da ita, ya ɗaga. Mutane suka miƙa wuya. A ciki rami ne kawai, babu fistin, wato ƙarfen da ke kai da komowa yana tafiyar da inji, sai yanar gizo a gefe.

Salisu ya ce, "Injiniya, ba a sa komi cikin ramin ga?"

"Wurin iska na. Inji ma numfashi shikai, kamar ni da kai."

Siddiƙu, wanda yake kwana yana tashi da babur, ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi Baban Precious, sai ya rufe, ya gyara zama.

Injiniya ya ɗora sabuwar gaskit da ya sayo a juye, ya mayar da kai, ya ɗauko sifana. Ya ce kowa ya yi shiru a saurara. Ya taka injin da ƙafa ɗaya ya ja da hannu biyu. Ƙas. Ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Na biyun ya yi gardama, sai ya hau kan sifanar da ƙafa ya yi tsalle. Ƙas. Salisu ya runtse ido, kamar kankanarsa ce take sake fashewa. Na uku da na huɗu suka bi 'yan'uwansu.

Daidai nan Baba ya sauka daga agwagwa da buje, wato babur mai ƙafa uku, da sandarsa da jakar buhu. Aka buɗe masa hanya. Injiniya ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, amma bakin bai durƙusa ba.

"Baba, ka iske an gama. Na ce ba a kai injin surukina ga baƙo ina raye."

Baba ya dubi sifanar, ya dubi Baban Precious can gefe hannu a rungume, ya dubi salansar da Siddiƙu ya zo da ita musamman ya ajiye a cinya. Na ga fuskarsa ta faɗa. Na san ba injin yake gani ba, fadama yake gani.

"To, a tada shi mu ji," ya ce.

Injiniya ya zuba fetur, ya kama igiya ya fizga. Ta zo sakayau, har ya kusa faɗuwa da baya.

"Kun ji laushi? Da can sai ƙato ka jan ta."

Ya ja sau goma. Ya tuɓe hular kwano ya ja sau ashirin. Injin na girgiza, kaza na kuka a ƙarƙashi ba ta fita ba. A wani ja da ya yi da duk ƙarfinsa, kan injin ya zame ya sauko daidai kan babban yatsan ƙafarsa, kawunan noti huɗu suka gangara kan tabarma, ɗaya ya tsaya a gaban Baba.

Ba wanda ya yi dariya, saboda Baba. Amma na ga kafaɗun mutane suna rawa.

Baba ya sunkuya ya leƙa ramin. Ya shafa hannun injin. Ya daɗe yana shafawa.

"Wanga ba nau ba na," ya ce. "Nau akwai igiyar kaba ga hannu, ni niɗ ɗaura ta. Kuma nau da fistin ciki. Wanga ko mi aka so shi tada, iska?"

Injiniya ya tsaya da ƙafa ɗaya, ɗayar a hannunsa. Ban taɓa ganin mutum ya sauya hanya da sauri haka ba.

"Dama na ji a jikina. Tun da ni kwance buhu na ga alama. An yi mani sata, jama'a. Maƙiya na, masu baƙin cikin ilimi." Ya nuna Baban Precious da sifana. "Ka hito da injin surukina."

Baban Precious bai motsa ba. Daga cikin gidansa aka ji an ja igiya sau ɗaya, inji ya kama da wata murya mai daɗi, tiriri ba tangarɗa. Baba ya ɗaga kai kamar wanda ya ji kukan ɗansa a cikin taro. Maman Precious ce ta tayar, ta jefa tiyo ɗaya a tankinsu. Ɗaya bakin kuma ta rantse mini daga baya wai kuɓuce mata ya yi. Ruwa ya tsallako katanga kamar an buɗe madatsa, ya sauka a kan farar shadda, ya wanke hular kwano ya tura ta kwata inda kankanar Salisu ta kwana.

Nan dariyar ta ɓalle. Siddiƙu har da kwanciya a tabarma yana buga salansa.

Da aka kashe injin, Injiniya yana ɗiga, ya ce sai an faɗa masa wanda ya shiga zaurensa ya yi musanya. Ya ce zai kai maganar wurin mai unguwa. Na ga Baban Precious ya sunkuyar da kai, shi da bai ɗaga komai ta katanga ba. Ban taɓa magana a gaban taron maza ba, ko mai sayar da gawayi sai na aika maƙwabciya. Amma na tura ƙofar zaure kaɗan, na miƙa faranti waje, da kawunan noti bakwai a ciki.

"Ni ta," na ce. Muryata ko ni da ƙyar na ji ta. "Ga na gado huɗu, na Siddiƙu biyu, na Salisu guda. Na Baba na ban so su ƙaru ciki."

 Salisu ya taso ya duba farantin ya zaɓi nasa ya sa aljihu.

Baba bai tsaya cin abinci ba. Aka ɗora masa injin a agwagwa da buje, ya yi wa Baban Precious godiya hannu biyu. Ya leƙo zaure ya ce mini, "Kahin magariba shinkahwa ta sha ruwa," sannan ya daɗe yana dubana. Da zai hau, Injiniya ya bi shi yana ɗingishi.

"Baba, in ka lura, aikin ga dut tsarina na. Ni nis sa aka gwada bisa mataccen tukuna, don..."

"Illo," in ji Baba, "ara mani sifanar ga."

Fuskar Injiniya ta washe. Ya juya ya dubi majalisa don kowa ya shaida. "Za ka ɗaure wani abu can, Baba?"

"Jakina. Turken nai ya karye."

Kwana biyu Injiniya bai ci tuwona ba, a rana ta uku yunwa ta sasanta mu. Shinkafa ta yi ƙwaya, Baba ya aiko buhu guda gidan Baban Precious, guda gidanmu, a jikin namu an rubuta sunana da gawayi. Har yau a ƙasa muke shimfiɗa katifa.

A majalisa kuwa, da ya fara cewa "lokacin da nika kamfani," sai wani daga baya ya ce ƙas, kowa ya kama dariya. Jiya yana cin shinkafar yana duban keken ɗinkina, ya ce kamar ya ji wani noti yana kaɗawa a ciki.  Na tashi na ɗauko farantin nan na ajiye kusa da kwanonsa, na koma na zauna. Ya dubi farantin, ya dubi keken, ya ce a ƙaro masa miya.